Filin Tambaya da Amsa: Mayun Makbet, su suka kashe Sarki Dankan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, wannan zangon muna karanta wasan Makbet na William Shakespeare. Gardama ta ɓarke a ajinmu. Wasu sun ce laifin Makbet kaɗan ne, tunda mayun nan uku sun riga sun faɗa masa zai zama sarki, abin da zai faru kuwa ba makawa sai ya faru. Wasu kuma sun ce mayun ado ne kawai, ko an cire su labarin yana nan. Ni dai na rasa inda zan tsaya. Malam, wa ya kashe Sarki Dankan, su ko shi?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Shi ya kashe shi, da hannunsa, a cikin gidansa, sarkin yana barci. Amma masu cewa mayun ado ne su ma ba su gama karanta wasan ba, kuma zan zo kansu.

Ɗauko littafinki ki buɗe kashi na ɗaya, fitowa ta uku, ki duba abin da ya fito daga bakin matan nan lokacin da suka tare Makbet da abokinsa Banko a fili, suna dawowa daga fagen fama. Gaisuwa uku ce. Ta farko ta kira shi hakimin Gilamis, ta biyu ta kira shi hakimin Kodo, ta uku ta ce nan gaba zai zama sarki. Iyakar abin da suka faɗa masa ke nan. Ba su ambaci wuƙa ba, ba su ambaci sunan Dankan ba, ba su sa rana ba, ba su nuna hanya ba.

Ki auna gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Sarautar Gilamis tuni tana hannunsa, gado ya yi daga mahaifinsa. Ta Kodo kuwa, mu 'yan kallo mun riga mun ji a fitowa ta biyu cewa Sarki Dankan ya yanke wa hakimin Kodo hukuncin kisa saboda cin amanar ƙasa, ya ba Makbet sarautar, ya tashi manzo. Labari ne da ke kan hanya bai iso ba, mayun suka riga manzon faɗa. Ta ukun ce kaɗai ta shafi abin da bai faru ba. Shi ya sa da manzon ya iso ya gaishe shi da sabuwar sarauta, sai Makbet ya ga tunda biyu sun tabbata, ta ukun ma tana tafe. Banko ya gano wannan nan take. Ya ja abokinsa gefe ya ce masa ma'aikatan duhu sukan faɗa wa mutum gaskiya a ƙananan abubuwa don su sayi yardarsa, sannan su ci amanarsa a babban al'amari. Duk Musulmin da ya karanta wannan zai tuna hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) yadda bokaye ke faɗin abu wani lokaci ya zama gaskiya, ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani ke fizgowa ya zuba a kunnen boka, sai su cakuɗa ta da ƙarya ɗari.

Abin da na fi so ki kula da shi yana cikin tambayar da Banko ya yi wa Makbet da zarar matan sun rufe baki. Ya ce masa, me ya sa ka zabura, kamar kana tsoron abin da ke da daɗin ji? Wannan fa barden da aka gama ba mu labarinsa ne, wanda ya keta ɗan tawaye da takobi tun daga cibiya har haɓa, ya kafe kansa a kan ganuwa. Irin wannan mutum albishir ba ya razana shi. Abin da ya razana shi shi ne an faɗi a fili abin da yake ɓoye a zuci. Bayan 'yan layuka sai ga shi yana magana da kansa, yana cewa wani tunani ya faɗo masa wanda ya sa gashin kansa miƙewa, zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa, kuma ya kira tunanin da sunansa: kisan kai. Ba wanda ya ambata masa kisa, daga cikinsa kalmar ta fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wannan wurin dai ya ga mafita da idonsa. Ya ce idan rabo ya nufa ya zama sarki, rabon zai iya naɗa shi ba tare da ya motsa ko yatsa ba. Da ya tsaya a nan da wasan ya ƙare. Amma a fitowa ta huɗu Dankan ya ayyana ɗansa Malkom a matsayin yarima mai jiran gado, sai Makbet ya ce wannan matakala ce da ta tare masa hanya, ko dai ya yi tuntuɓe da ita ko ya tsallake ta, ya roƙi taurari su ɓoye haskensu kada su ga baƙar aniyarsa. A fitowa ta bakwai kuma, daren da sarki ya sauka a gidansa, ya bar wurin liyafa ya tsaya shi kaɗai yana lissafa dalilan da suka hana shi: Dankan ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne wanda ya kamata ya tsare masa ƙofa, ga shi sarki mai tawali'u da tsarkin hannu. Ya ƙare da cewa ba abin da ke ingiza shi sai kwaɗayin mulki. Ki karanta wannan jawabi daga farko har ƙarshe, ba za ki ga ya ambaci mayun ba ko sau ɗaya. Mutumin da aka yi wa asiri ba ya zama ya auna halal da haram dalla-dalla haka, har ya ce wa matarsa a bar maganar. Ita ma uwargidan, da ta tashi zuga shi, ba da duba ta zuga shi ba. Gori ta yi masa a kan mazantakarsa, ta tuna masa cewa shi ya fara kawo mata maganar tun lokacin da babu wuri babu dama. Masana suna jayayya ko tana nufin tun kafin haɗuwarsa da mayun ne. Ni a ganina haka take nufi, domin shi ne ya dace da zaburar da Banko ya gani.

Ga kuma hujjar da za ki kai wa 'yan ajinku masu cewa ba makawa. Idan Makbet ya yarda cewa maganar mayu ba ta faɗuwa ƙasa, me ya kai shi ɗaukar wuƙa? Sai ya zauna ya jira. In kuwa ya ɗauka ana iya kauce mata, to ba tilas a ciki ke nan. Mayun sun ce wa Banko shi ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za su yi. Makbet ya hau karaga, sai ya yi hayar 'yan ina-da-kisa su kashe Banko da ɗansa Filiyans don kada wannan ɓangaren ya tabbata. Ya gaskata rabin da ya yi masa daɗi, ya ɗaura yaƙi da rabin da bai so. Aka kashe uban, ɗan ya tsere cikin duhu.

Banko ma ba mala'ika ba ne. Ya faɗa da bakinsa cewa ya yi mafarkin matan, ya kuma roƙi a tsare shi daga mugayen tunanin da ke zo wa mutum a barci. A farkon kashi na uku ya zargi Makbet da samun sarauta ta ƙazamar hanya, amma ya yi shiru, yana fatan tunda ta abokinsa ta tabbata, tasa ma za ta tabbata. Maganar ta shige shi shi ma. Bambancin shi ne bai ɗaga hannu a kan kowa ba.

Wani ɗalibina ya taɓa ɗaga hannu a daidai wannan gaɓar, yaro ne da bai cika magana a aji ba, ya ce, "Malam, da bai kashe Dankan ba, da zai zama sarkin?" Na ce masa marubucin ya ƙi amsa wannan da gangan, kuma Makbet da kansa ya toshe hanyar da za mu bi mu sani. Yaron ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce ashe ke nan ba wanda zai iya rantsewa mayun sun yi gaskiya a kan sarautar, tunda shi ya mayar da maganar gaskiya da hannunsa. Har yau ina ba ɗalibai wannan amsa tasa.

Shakespeare ya ma nuna mana iyakar ƙarfinsu tun kafin Makbet ya shigo dandamali a waccan fitowa ta uku. Ɗaya daga cikinsu tana ba 'yan'uwanta labarin matar wani matuƙin jirgin ruwa da ta hana ta 'ya'yan itacen da take ci, ta kuma kore ta. Mijin ya yi tafiya zuwa Halab. Mayyar ta ce za ta bi shi, ta hana shi barci dare da rana, ta sa iska ta yi ta wujijjiga jirginsa, amma ta amsa cewa jirgin ba zai nutse ba. Suna iya tayar da guguwa, ba sa iya nutsar da jirgi. Ki lura kuma rashin barcin da ta yi wa matuƙin alkawari shi ne ya zo ya addabi Makbet da matarsa bayan kisan.

Masu cewa ado ne kuwa, ki kai su kashi na huɗu, fitowa ta ɗaya. A karon farko mayun ne suka tare shi, a wannan karon shi ya neme su da ƙafarsa, ya tarar da su kewaye da tukunya suna zuba gashin jemage da harshen kare da yatsan kwaɗo, har da yatsan jaririn da aka shaƙe ranar haihuwa. Aka nuna masa siffofi uku. Ƙoƙon kai sanye da kwalkwali ya ce ya yi hattara da Makdaf, hakimin Fayif. Jariri jina-jina ya ce ba wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi. Yaro mai kambin sarauta riƙe da itace ya ce ba za a ci shi da yaƙi ba sai ranar da dajin Banam ya taso ya nufo tudun Dansinen. A nan ne mayun suka yi ɓarnarsu ta gaske. Makbet ya shigo wurin da tsoro, tsoron nan kuwa shi ne ragowar imanin da ya rage masa, sai suka cire masa shi suka ba shi sakin jiki. Yana fita ya ji cewa Makdaf ya gudu Ingila, sai ya ce daga yau abin da zuciyarsa ta fara rayawa shi hannunsa zai fara aikatawa, ya aika aka hallaka matar Makdaf da 'ya'yansa da duk wanda aka samu a gidan. An ce masa ya yi hattara da mutum ɗaya, ba a ce ya taɓa mace da ƙananan yara ba, kuma kisan bai ƙara masa komai ba sai magabci mai ramuwar jini.

Ba zan ɓoye miki ba, a duniyar wannan wasa mayun sun san wasu abubuwa kafin su auku. Malkom ya taho da dakaru dubu goma daga Ingila, da suka iso dajin Banam ya umarci kowane soja ya sari reshe ya riƙe a gabansa don a kasa ƙiyasta yawansu, sai mai gadi ya hango daji yana tafiya. Makdaf kuma ba haihuwarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci. Sun san wannan duka, har sun ajiye masa amsar a gaban idonsa: jaririn nan jina-jina Makdaf ne, yaron da ke riƙe da itace Malkom ne da reshensa, ƙoƙon kan kuwa masu sharhi da yawa suna ganin nasa ne da za a sare a ƙarshe. Kunnensa ya kama abin da yake son ji, idonsa bai tsaya kan abin da ake nuna masa ba. Sanin abin da mutum zai yi daban, tilasta masa ya yi daban. Zurfin wannan batu na ƙaddara da zaɓi na malaman tauhidi ne, ki koma gare su. Ni dai duk lokacin da na kai inda Makbet, gaban Makdaf, yake cewa kada a sake yarda da shaiɗanun nan masu magana mai harshen damo, waɗanda ke cika alkawari ga kunne su saɓa shi ga buri, sai aya ta 22 a Suratu Ibrahim ta faɗo mini, inda Shaiɗan zai ce wa mabiyansa ba shi da wani iko a kansu, kiran su kawai ya yi suka amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kansu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Shin Turawan zamanin Shakespeare sun yarda da maita da gaske, ko tatsuniya ce ta dandamali? Kuma an taɓa yin wani sarki Makbet?
Daga wani malamin tarihi, Katsina.

AMSA: Barka kadai Malam. Sun yarda da ita har suna kisa a kanta, kuma sarkinsu ne kan gaba. An rubuta wasan wajen 1606, shekara uku bayan Sarki Jemis na Sikotilan ya gaji sarautar Ingila a 1603 ya kuma zama uban ƙungiyar 'yan wasan da Shakespeare ke ciki. A 1589 guguwa ta hana amaryar Jemis, gimbiya Ana ta Danmak, isowa ta teku, har sai da ya tafi da kansa ya same ta a Nowe, kuma a hanyarsu ta dawowa a 1590 suka sake haɗuwa da hadari. Aka ce aikin mayu ne. Aka kama mutane da dama a yankin Not Barik na Sikotilan, cikinsu har da wata ungozoma mai ba da magani, Agnes Sampson. Aka aske ta, aka ɗaure mata igiya a ka ana murɗawa, aka hana ta barci har ta amsa cewa sun jefa kyanwa a teku don tayar da iska. Sarkin da kansa ya yi mata tambayoyi. A watan Janairun 1591 aka shaƙe ta aka ƙona gawarta a Edinbara. Jemis ya wallafa littafi a kan maita a 1597, a 1604 kuma majalisar Ingila ta tsananta doka, ta sa hukuncin kisa a kan kiran miyagun aljanu ko da ba a cuci kowa ba. Saboda haka labarin mayya da jirgin matuƙi ba abin dariya ba ne a kunnen masu kallon farko. Ina so ka faɗa wa ɗalibanka labarin Agnes Sampson, domin mayun dandamali ƙirƙira ne amma ita mutum ce da azaba ta sa ta amsa abin da ake so ta amsa, kuma har yau a ƙasarmu mukan ji an yi wa wata tsohuwa taron dangi saboda yaro mai zazzaɓi ya kira sunanta.

Makbet kuwa an yi shi. Ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, shekara 17, kuma a fagen yaƙi Dankan ya mutu a karawarsu, ba a kan gado ba. Ƙasar ta zauna masa har ya iya barinta ya tafi ziyarar ibada Roma a 1050. Malkom ɗan Dankan ne ya kashe shi a 1057. Shakespeare ya samo labarin ne daga kundin tarihin Holinshed, bugun 1587, ya sassaƙa shi yadda yake so. A can Banko abokin ƙulla makirci ne, shi kuwa ya wanke shi, domin gidan sarautar Jemis suna danganta asalinsu da Banko. Shi ya sa mayun suka nuna wa Makbet jerin sarakuna takwas masu kama da Banko, na ƙarshe riƙe da madubi mai nuna wasu da yawa a bayansa. A can kuma matan uku sau ɗaya suka bayyana, maganar daji da ta haihuwa wata mayya ce dabam ta faɗa. Shakespeare ne ya haɗe su wuri ɗaya, ya sa Makbet ya koma musu da kansa.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu za ta nuna Makbet a bikin ƙarshen shekara, amma wasu iyaye sun ce a cire mayun, koya wa yara tsafi ne. In cire?
Daga wani malamin sakandare, Kaduna.

AMSA: Kada ka cire, Malam, amma kada ka raina damuwar iyayen. Ka zauna da su tare da shugaban makaranta ka ba su labarin har ƙarshe: mutum ya bi masu duba, ya rasa barci, ya rasa abokai, matarsa ta zautu ta mutu, aka sare kansa. Ban san wasan da ya fi wannan hana yaro zuwa wurin boka ba. In sun ƙi jerin abubuwan da ake zubawa a tukunya, ka taƙaita shi, ba a nan ƙashin bayan labarin yake ba.

Abin da za ka iya cirewa hankali kwance shi ne fitowa ta biyar a kashi na uku, inda Hekati shugabar mayun ta zo tana yi musu faɗa, da ɗan guntun da ta sake leƙowa a kashi na huɗu. Masana da yawa suna ganin wani marubucin wasan kwaikwayo, Thomas Middleton, ne ya ƙara su daga baya, kafin a buga wasan karo na farko a 1623, kuma waƙoƙin da aka ambata a wurin suna cikin wani wasa nasa.

Sai maganar sutura. Kada ka sa musu tsumma da sanda da furfurar auduga su yi kama da tsofaffin unguwa, yara za su fita su nuna wata baiwar Allah da yatsa. Kada kuma su yi ta ihu da karkace baki har 'yan kallo su fashe da dariya, domin in an yi musu dariya ba wanda zai gane dalilin da ya sa barde kamar Makbet ya gaskata su. Ka lulluɓe su da baƙin yadi har fuska, su yi magana a hankali da murya mai daɗi, kamar masu kawo albishir. Bayan fitowa ta ɗaya a kashi na huɗu ba sa sake bayyana, don haka 'yan matan uku za su sami lokacin canja kaya su shiga sahun sojojin Malkom masu ɗauke da rassa.